Maganin da Mama Ta Raba

Wata huɗu da 'yan kwanaki muka yi a Indiya, ni da mahaifiyata. Yau wata biyar ke nan da dawowarmu Kafanchan, amma har yanzu idan na ji warin sabulun wanke asibiti sai hannuwana su yi sanyi. Fasto ne ya ce in zauna in rubuta abin da ya faru, wai ko zuciyata za ta sauka. Ban sani ba ko za ta sauka. Ga shi dai ina rubutawa.

Mamata, Malama Saratu, ta yi shekara talatin tana koyarwa a firamare a Kagoro. Ciwonta kansar jini ce, irin wadda ke zama cikin ɓargo tana cin ƙashi a hankali. Sau biyu aka yi mata magani a Jos, sau biyu ciwon ya kwanta, sau biyu ya tashi. A karo na uku likitanta ya ce abin da ke hannunsa ya ƙare, amma akwai wani asibiti a Indiya da ke gwada sabon haɗin magani a kan manya waɗanda ciwonsu ya dawo. Yayana Yohanna ma'aikacin gwamnati ne, ba a ba shi hutu ba. Ni ce na gama sakandare ina zaune a gida, shekarata ashirin da ɗaya, ban taɓa wuce Abuja ba. Sunana Rifkatu.

Mutumin farko da muka haɗu da shi a can shi ne ya fara cutarmu. Yana tsaye a filin jirgi riƙe da kwali mai sunan Mama, ga gashin baki, ga fara'a, sai "Momi, Momi" yake kiranta. Ya karɓi fasfo ɗinmu ya ce zai yi mana rajista. Kwana biyu yana yawo da mu a wani asibiti ana ta ɗibar jinin Mama, sai a rana ta uku Mama ta ɗaga kai ta karanta sunan da ke jikin ginin, ta ciro wasiƙar likitan Jos ta duba. Ba ɗaya ba ne. Mama ta zauna a kan dakalin ƙofa, ta yi masa muryar da take yi wa 'yan aji shida, ta ce ba za ta tashi ba sai fasfo ya fito. Mutane suka fara taruwa. Ya miƙo fasfo yana murmushin nan nasa, ya sa mu a keke mai ƙafa uku, ya faɗa wa direba wani abu da yarensu. Ba mu sake ganinsa ba.

Inda direban ya sauke mu wani gidan haya ne mai hawa huɗu a bayan asibitin da muke nema. Kowa a gidan baƙo ne, kuma kowane ɗaki da mara lafiya a ciki. Akwai Larabawa, akwai 'yan Habasha, akwai wasu da ban taɓa gane ƙasarsu ba. Kawuna ba gashi, fuskoki a rufe da takunkumi, ido kawai kake gani. Abin da ya fara tsorata ni shi ne shiru. Gida cike da mutane, tsakar rana, amma babu rediyo, babu kukan yaro, babu mai kiran wani ta taga. Takalma ne kawai a jere a bakin kowace ƙofa.

A saman gidan ake shanya. Ranar farko da na hau da wankinmu na tarar da katifa ɗaya an jingine ta a rana, hankaki sun jeru a kan bango suna kallonta. Ban kawo komai a raina ba. Da na sauko sai na ga wani ɗaki a hawa na biyu a buɗe, an wanke shi da wani abu mai hawa kai, babu takalmi a ƙofar. Bayan sati guda na sake ganin katifa, na sake ganin ɗaki a buɗe. A nan na gane. A wurinmu idan mutum ya mutu, kafin a rufe masa ido unguwa ta ji kuka, a jera benci a waje, mata su ɗora tukwane, a yi kwanaki ana waƙa. A gidan nan mutum yakan tafi kamar an goge alli a allo. Tun daga ranar na daina duban kusurwar da ake jingine katifa, amma idona ba ya jin magana.

A hawa na shida na asibitin ake gwajin. Wata nas ce ke kula da mu, Sista Anu, siririya, da ɗan gicciye a wuya. Ta zaunar da mu ta karanta mana takardar yarda shafi bayan shafi. Ta ce an raba marasa lafiya gida biyu. Wasu za su sha tsofaffin magunguna guda biyu da aka sani, wasu kuma za a ƙara musu na uku, sabo, wanda ko suna bai samu ba tukuna sai lamba. Ba likita ke zaɓa ba, kwamfuta ce. Ta ce ba wanda ya san ko sabon ya fi, shi ya sa ake gwadawa. Sannan ta ɗora yatsa a kan wani layi ta karanta shi sau biyu: maganin na wanda aka rubuta wa ne shi kaɗai, duk wanda ya saɓa ƙa'ida za a cire shi.

Mama ta sa hannu. Kwamfuta ta ba ta magunguna uku. Daga ranar ta zama lamba goma sha bakwai, da ita ake kiranta a ɗakin jira. Aka ba ni wani ɗan littafi in riƙa rubuta lokacin da ta haɗiyi kowace ƙwaya. Sabon maganin kafso ne ruwan toka, ɗaya kullum da safe na sati uku, a huta sati guda, a sake.

A ɗakin jiran nan, ranar Talata, muka ji wata murya daga bayanmu ta ce, "Kai, wannan sanyin na'urar zai kashe mu kafin ciwon."

Mama ta juya da sauri har ta manta da bayanta. "Wa ke Hausa a nan?"

Hajiya Uwani ce, daga Maraɗi, lamba goma sha biyu, tare da mijinta Malam Isufu, wani dattijo mai shiru da carbi a hannu. Ashe a gidanmu suke, hawa na uku. Ranar da yamma ta aiko mana da kuka da daddawa a ƙulle a leda. Sati uku ke nan muna cin shinkafa da wani romo mai yaji da ba mu san sunansa ba. Na kaɗa miya a kan ɗan risho, Mama ta ci tana hawaye, ni ma haka.

Suka zama kamar 'yan uwa. Kullum da safe Mama takan hau wurinta su sha kunu tare. Hajiya ba ta gajiya da tsokanar Hausar Mama.

"Malama, ke a Hausarki duk duniya maza ne. Jiya na ji kin ce wa 'yarki Hajiya ya zo. Ni ce ya zo?"

"To ai ka zo ɗin," in ji Mama. "Kai kuma yi mini gaisuwa ɗaya da yaren Kagoro in ji."

"Allah ya kiyaye, harshena zai karye."

Dariyarsu ce kaɗai dariyar da na taɓa ji a gidan nan. Wani lokaci sai in ga an buɗe wata ƙofa kaɗan, ido ya leƙo, a sake rufewa.

Zagaye biyu Mama ta yi, jikinta ya karɓa. Akwai wani abu da ake aunawa a jini wanda ke nuna ƙarfin ciwon, nata sai sauka yake yi. Matar da nake ɗagawa daga gado ta fara hawan bene da kanta. Hajiya kuwa biyu kwamfuta ta ba ta, kuma nata awon hawa yake yi. Ta fara tafiya tana dafa bango. A ɗakin jira kowa da kujerar da ya saba zama, kuma idan wani ya daina zuwa babu mai zama a kujerarsa. Da muka fara, kujera ɗaya ce babu kowa. A wata na uku sun zama huɗu. Wata Talata na ga Hajiya tana ƙirga su da ido.

A zagaye na uku Mama ta ce in riƙa ba ta kafson a hannu, za ta haɗiye shi da kunu a wurin Hajiya, wai ya fi sauka. Na ba ta. Nakan duba agogo in rubuta ƙarfe takwas a littafi. Sati biyu da rabi muna haka.

Sai wata Alhamis da hantsi Malam Isufu ya buga mana ƙofa, abin da bai taɓa yi ba. Na bi shi sama. Hajiya tana kwance jikinta kamar wuta, dasashinta na zubar da jini, hannuwanta duk tabo baƙi-baƙi kamar an dake ta. Aka ɗauke ta zuwa asibiti, aka sa ta a wani ɗaki mai bangon gilashi da ba a barin kowa ya shiga.

Ni na yi wa Malam tafinta, don shi Faransanci yake ji, ba Turanci ba. Likitan ya ce jininta ya faɗi ƙasa warwas, ƙwayoyin da ke yaƙi da cuta da waɗanda ke tsayar da zubar jini duk sun kusa ƙarewa, kuma magungunan nan biyu ba su saba yin haka da sauri ba. Ya tambaya ko ta sha wani abu daban. Maganin gargajiya? Ganye? Ya ce yana bukatar ya sani, don abin da zai ba ta ya danganta da abin da ke jikinta. Malam ya juyo wurina. Ya ce garin zogale ne, shi ya kawo daga gida, shi ya riƙa zuba mata a kunu. Ya ce, "'Yata, gaya masa ni ne. Ni na kashe ta." Likitan ya rubuta zogale, amma na ga fuskarsa ba ta yarda ba.

Da na koma gida na tarar da Mama zaune a bakin gado, Littafi Mai Tsarki a rufe a cinyarta. Na ba ta labari. Na kai wurin zogale. Sai ta yi magana da yarenmu, a hankali, kamar bango zai ji.

"Ba zogale ba ne."

Ta ce rana ɗaya ita, rana ɗaya Hajiya. Haka suka yi ta yi da kafson tun farkon zagayen.

Wanda bai san mu ba zai ce hauka ne, mace mai ilimi kamarta. Amma a gida haka muke. Idan maganin hawan jini ya karɓe ki, maƙwabciyarki ta zo tana kukan kai, sai ki ɓalle mata biyu daga katinki. A Zumuntar Mata ta coci an sha miƙa wa juna ƙwaya a ƙulle a bakin zani bayan an tashi addu'a. Wanda ya ɓoye maganin da ya yi masa aiki, sunansa mugu. Mama ta ce, "Ina hawan bene, ita tana rarrafe. Ciwonmu ɗaya. Wani inji ne ya ce ni in rayu ita ta mutu. Yaya zan haɗiye shi a gabanta ina kallon idonta?"

Na ce, "Mama, sai mu faɗa."

Ta ce Hajiya ta sa ta yi alkawari tun ranar farko, ko me ya faru kada a faɗa, don za a kori Mama. Ta ce, "Ni na yi alkawari." Ta tsaya a nan. Ba ta ce in faɗa ba, ba ta ce kada in faɗa ba. Ta kwanta ta juya fuskarta bango.

Na hau saman gidan na kira Yohanna. Rana tsaka, zafi kamar zai fasa kai, hankakin nan suna jere a inda suka saba. Na gaya masa komai. Ina jin ƙarar babura a bayansa, ƙarar gida, har na ji kamar in shiga cikin wayar.

"Rifkatu, kina jina? Rufe bakinki."

"Yaya, matar za ta mutu."

"Likitoci ne, za su gano da kansu. Ke aka aika ki kula da wa? Uwarki ce fa. Idan suka cire ta, ina za mu kai ta? Jos sun ce sun gama. Kin ji abin da na ce?"

Na ce na ji.

Washegari Juma'a na tafi asibiti kai wa Malam abinci. Na shiga lif ni kaɗai. A hawa na huɗu ya tsaya, ƙofa ta buɗe, babu kowa, dogon baranda ne fari fat da wani gado a gefe an lulluɓe shi. Ƙofar ta daɗe ba ta rufe ba. Na tsaya riƙe da kwano ina karanta Addu'ar Ubangiji, na kai tsakiya na manta sauran.

Malam yana tsaye a jikin gilashin, goshinsa a manne. Bai ci na jiya ba. A ciki Hajiya ce, an sa mata robobi a hanci da hannu, ma'aikata biyu sanye da riguna har ƙasa suna zagaya ta ba sa magana. Ba ta yi kama da mai tsokanar nan ba. Ta yi ƙanƙanta. Can sai ta buɗe ido, ta dube ni kai tsaye ta cikin gilashin. Ta girgiza kai sau ɗaya, kaɗan. Har yau ban sani ba ko ni take yi wa, ko zafin ciwo ne. Malam ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Cokali biyu kawai nake sa mata, 'yata. Cokali biyu."

Ban yanke shawara ba, gaskiya. Ƙafafuna ne suka hau hawa na shida. Sista Anu tana cin abinci a ofishinta. Na ajiye ɗan littafin a gabanta na ce rabin abin da na rubuta a ciki ƙarya ne. Na gaya mata sauran. Ta ajiye cokali, ta ɗauki waya ta yi magana da sauri da yarensu, sannan ta fita da gudu. Ban taɓa ganin wani yana gudu a asibitin nan ba. Da ta dawo ta tarar da ni a inda ta bar ni. Ta zuba mini shayi a murfin fulas ɗinta, ta riƙe hannuna har na shanye. Ba ta ce na yi daidai ba. Ta ce, "Kin san abin da zai biyo baya?" Na ce na sani.

Ranar Litinin aka kira mu. Babban likitan ya yi magana da ladabi, ya ce ya fahimta, ya ce ba shi da iko, dokar gwajin ce. Suka karɓi sauran kafson guda biyu da ke cikin katin. Suka rubuta wa Mama tsofaffin magunguna da wasiƙa zuwa Jos. Mama ta miƙe ta gode masa, ta gode wa Sista, ta tambayi jikin Hajiya. Suka ce ba a ba su izinin yin maganar wani mara lafiya ba. Da za mu fita muka bi ta ɗakin jira, ban dubi kujerar Mama ba.

Kwana tara muka ƙara kafin jirginmu. Aka hana ni zuwa wurin gilashin. Malam bai dawo gidan ba. Ana saura kwana biyu mu tafi na ga ɗakinsu a buɗe, an wanke, babu takalmi. Na tambayi mai gidan, ya kaɗa kai irin nasu wanda ba ka sanin i ne ko a'a. Ban gaya wa Mama ba. Ita ma ba ta tambaya ba. A cikin jirgi, awa da awanni, magana ɗaya ta yi mini, wai in miƙo mata ruwa.

Yohanna ya tare mu a Abuja. Ya rungume Mama, ni ya karɓi jakata kawai. Har yau gaisuwa ce tsakaninmu. Mama kuwa duk wanda ya zo dubiya sai ta ce masa Rifkatu ta yi ƙoƙari, Rifkatu ta kula da ni. Da ma zagina ta yi. Wata biyu na farko tana zuwa coci da ƙafarta. A na uku ciwon baya ya dawo. Yanzu ba ta iya tashi zaune sai an ɗaga ta.

Sati biyu da suka wuce, ina tankaɗen acca a tsakar gida da yamma, wayata ta yi ƙara da wata lamba ta ƙasar waje. Malam Isufu ne. Ya ce ya daɗe yana neman lambar a cikin kayan Hajiya. Ya ce bayan likitoci sun san abin da ke jikinta sun canza abin da suke ba ta, ta farfaɗo, aka mayar da su wani masauki kusa da asibiti, daga baya suka koma Maraɗi. Ta yi wata uku a ɗakinta. Ta ga jikanta da aka haifa tana can, ita ta zaɓa masa suna. Ranar Lahadin da ta wuce ta rasu, 'ya'yanta duka suna kewaye da ita.

Ya ce, "Likita ya gaya mini ba zogalena ba ne. Allah ya yi miki albarka, 'yata. Yaya jikin Malama?"

Na dubi ƙofar ɗakin Mama. Na ce, "Da sauƙi, Baba."

Ashe tana ji. Ta kira ni daga ciki, ta ce wa ke nan. Na shiga na gaya mata duka, har da jikan. Ta rufe ido. Sannan ta ce, "Ba a yin gaisuwar mutuwa a kwance. Ɗaga ni, ki ba ni wayar."

Na sa hannuna a ƙarƙashin bayanta na ɗaga. Ko rabin buhun citta ya fi ta nauyi. Na zauna a bayanta ta jingina da ƙirjina, ina jin ƙasusuwanta ɗaya bayan ɗaya, ita kuma ta gyara murya ta ce, "Malam, sannu da haƙuri. Ƙawata ya riga ni."